Amsoshin Tambayoyinku: Zumurrudu, Tarihinsa da Yadda Ake Kula da Shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku da suka wuce maigidana ya sayo mini zoben zinare mai ƙwayar zumurrudu a Jidda. Kwanan baya na jiƙa shi a ruwan zafi da garin sabulu tare da sauran gwala-gwalaina, da ya bushe sai fararen layuka suka bayyana a cikin dutsen kamar ya tsage, korensa kuma ya dusashe. Shin jabu aka sayar mana? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana ya fi kama da halin zumurrudu na gaskiya. Shi wannan dutse ɗan dangin duwatsu masu daraja da ake kira beril ne, sinadarin kromiyam ko banadiyam ne yake ba shi koren nan mai sanyaya ido, kuma da wuya a haƙo shi ba tare da ƙananan tsaga da ɗigo-ɗigo a cikinsa ba. Idan kika duba shi da gilashi mai ƙara girma, za ki ga zare-zare kamar saiwar ciyawa, abin da ya sa dillalan Faransa suke kiran su lambu.

Saboda waɗannan tsage-tsagen ne masu sana'ar suke ɗura wa dutsen mai marar launi bayan an yanka shi, galibi man itacen sida, wani lokaci kuma ƙaro na roba. Haske yana ratsa man kusan yadda yake ratsa dutsen, sai tsagar ta ɓace wa ido. Ruwan zafi da garin sabulu sun tsotse man nan, iska ta maye gurbinsa, ita ce kike gani fari. Ke nan tsagar tana nan tun ranar da aka saya. Maganinsa shi ne ki kai zoben wurin ƙwararren mai duwatsu masu daraja ya tabbatar miki da ingancinsa, ya kuma sake ɗura masa mai. Ina roƙonki kada ki gwada man gyaɗa ko man zaitun a gida, domin suna lalacewa su bar rawaya a cikin dutsen.

Sanya mai marar launi abu ne da kasuwa ta yarda da shi, amma a ganina haƙƙin mai saye ne a gaya masa, kuma rashin faɗar ne ya jefa ki cikin wannan fargaba. Wanda ya ɗura mai koren launi don ya ƙara wa dutse kala kuwa, wannan ha'inci ne tsantsa.

A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs zumurrudu yana tsakanin 7.5 da 8, daimon kuma yana 10, wato zumurrudu ba ya saurin ƙarzuwa, amma bugu ɗaya a gefen turmi ko bakin tukunya yana iya raba shi a kan tsohuwar tsaga. Ki riƙa cire shi kafin daka, wanki da girki, kada ki tara hannu a kaskon turaren wuta yana yatsanki, kuma sai kin gama shafa mai da fesa turare sannan ki sa shi. Wankinsa ruwa mai ɗan ɗumi ne da sabulu mai laushi da tsumma, ba tare da jiƙawa ba. Idan za a rage ko a ƙara girman zoben, ki nemi maƙerin zinare ya cire dutsen kafin ya kusanto da wuta, kada kuma ya jefa shi a injin wankin gwal mai girgiza ruwa. Ki naɗe shi shi kaɗai a ƙyalle mai taushi. Dutsen da ya kamata a yi shakkarsa shi ne wanda yake tas babu ɗigo kuma yake da araha, domin ko dai gilashi ne, wanda sau da yawa ake ganin kumfa kewayayya a cikinsa, ko kuma na masana'anta, wanda ake yi tun shekarun 1930.

Tambaya: Malam, daga ina zumurrudu ya samo asali, kuma da gaske ana samunsa a Najeriya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, mahaƙan da suka fi shahara a zamanin da suna cikin hamadar gabashin Masar, kusa da Bahar Maliya, a Wadi Sikait da Dutsen Zabara, inda aka yi ta haƙa a zamanin Sarauniya Kiliyobatira ta Masar da na Rumawa har zuwa zamanin daulolin Musulunci. Lamarin ya canza a ƙarni na 16, lokacin da Turawan Sifaniya suka mamaye ƙasar da yanzu ake kira Kolombiya, suka ƙwace mahaƙan Chivor da Muzo daga hannun mutanen wurin, suka tilasta musu haƙa cikin azaba. Abin lura shi ne, da yawa daga manyan duwatsun sun ƙare ne a fadojin sarakunan Musulmi. Akwai wani zumurrudun Kolombiya mai nauyin karat 217.8, wato kimanin giram 43, wanda aka sassaƙa wa addu'o'i da Larabci a Indiya ta zamanin daular Musulmi ta Mugal, ɗauke da shekarar 1107 ta Hijira, kuma yanzu yana gidan tarihin fasahar Musulunci da ke Doha. A fadar Topkapi ta Istanbul kuma akwai wuƙa mai manyan zumurrudu uku a ƙotarta, wadda Sultan Mahmud na Ɗaya ya aika wa Nadir Shah na Farisa a 1747, aka kashe Shah ɗin kafin kyautar ta isa, jakadu suka juyo da ita.

A yau Kolombiya, Zambiya da Birazil ne kan gaba. Na Zambiya, musamman na mahaƙar Kagem, korensa yana karkata zuwa shuɗi saboda sinadarin ƙarfe. A Najeriya kuwa an same shi a yankin Gwantu na Jihar Kaduna da Nasarawa Eggon, sai dai da yawansa korensa bai nuna sosai ba, shi ya sa masana suke kiran wasu koren beril kawai.

Tambaya: Na ji an ce idan maciji ya kalli zumurrudu idonsa yakan tsiyaye. Haka ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wannan magana tsohuwa ce a rubuce-rubucen Larabawa, amma ba ta da tushe. Masani Albiruni, wanda ya rayu a ƙarni na 11, ya gwada ta da macizai da kansa bai ga ta yi musu komai ba. Rumawa kuma sun ce kallonsa yana hutar da idon da ya gaji, wanda ba ya nufin yana warkar da ciwon ido. Saboda haka kada kowa ya tunkari maciji yana dogaro da zobe, kuma wanda maciji ya sara a garzaya da shi asibiti nan take.