Amsa ga mai tambaya kan "had been" da "-ing"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina shirin WAEC amma kin kasa gane bambancin "I was waiting" da "I had been waiting". Na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandare nan Argungu, kuma duk shekara a nan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka kwantar da hankalinki.

Ginin ba shi da wuya: had been, sai aikatau mai -ing a ƙarshe. Ko I ne, ko she, ko they, had ba ya canzawa. In korewa ce, had not been. In tambaya ce, had ya dawo gaba: "Had you been sleeping?" Ki dai kula, been ne, ba being ba. Wallahi jan birona ya sha ƙarewa a kan "had being".

Sanin inda za a sa shi ne aikin, kuma Hausarmu ta riga ta koya miki. Ai kina cewa, "Mun yi awa uku muna jira a tashar Birnin Kebbi kafin motar ta tashi." Abu biyu ne a nan, duk sun wuce: jiran da ya ɗauki lokaci, da tashin motar da ya zo ya same shi. Shi ne "We had been waiting for three hours when the bus left." Amma "I was waiting" cewa kawai yake ina cikin jira a lokacin, bai damu da tun yaushe na fara ba.

A aji nakan ja dogon layi da alli, in dangwala ɗigo a ƙarshensa, in ce layin shi ne had been, ɗigon kuma abin da ya tarar da shi. Wata rana wani yaro ɗan masunta, wanda ko magana bai cika yi ba, ya ɗaga hannu ya ce, "My father had been fishing since dawn when the rain started." Har yau da jimlarsa nake koyarwa.

Ana kuma amfani da shi wajen faɗin dalili. Kin ga mutum jiya ƙafafunsa duk taɓo: "His feet were muddy because he had been working in the rice field." Aikin fadamar ya ƙare, alamarsa ce ta rage.

Sai for da since. For na tsawon lokaci ne, for two years. Since na mafarinsa, since 2019. "Since three hours" kuskure ne, kuma masu jarrabawa suna son ɗana tarko a nan. Haka aikatau irin su know, believe da own ba sa karɓar -ing a wannan gini: "I had known her for years" za ki ce. In kuma kina ƙirga abin da aka gama, bar -ing: "She had written 3 letters."

Ki rubuta jimla uku daga abin da ya faru da ke jiya, kowacce da abu biyu a ciki, ki turo nan. In Allah ya yarda zan duba miki bayan la'asar.