Jikar sefa ta haye naira dubu biyu: Nijar ta fi Najeriya arziki ke nan?

Tambaya daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Kamba, ƙaramar hukumar Dandi, jihar Kebbi:

Assalamu alaikum Malam. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina kai gero da masara Gaya ta Nijar, ina sayo wake. A 2014 jikar sefa, wato sefa dubu ɗaya, ba ta kai naira 400 ba, yau ta haye 2,000. Abokan cinikina na can suna ce mini ƙasarsu ta fi tamu lafiya, tunda kuɗinsu ya fi namu daraja, kuma bashin da ake bin Najeriya ya wuce naira tiriliyan 140, nasu kuwa ko ƙafarsa bai kama ba. Mun yi musu har rai ya so ɓaci. Don Allah a warware mana: tsakanin Najeriya da Nijar wace ce ta fi samu, wace ce kuma bashi ya fi shaƙe wa wuya?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari mu fara da jikar, don ita ce ke hannunka kullum.

Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ko an yi damina mai kyau a Dosso ko an yi fari. Ƙasashe takwas ke amfani da ita, kuma babban bankin da ke buga ta yana Dakar. Gwamnatin Yamai ba ta da ikon ɗaga ta ko sauke ta ita kaɗai. Dattawan kasuwarku za su tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, ba tare da manomin Gaya ya rage ko kunya ɗaya a gonarsa ba. Naira kuwa a watan Yunin 2023 aka sake ta. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin 2024. Wato jika tana nan inda take, naira ce ta zame ta bar ta a sama. Abin takaici ne, kuma ni ma ina jin zafinsa duk ranar da na je sayen magani, amma tsadar takardar kuɗi ba ta nuna yawan abin da ƙasa ke samarwa.

Abin da ke nuna wannan shi ne lissafin da masana ke kira GDP, wato a tara ƙimar duk abin da aka noma, aka haƙo, aka ƙera, aka yi hidimarsa a ƙasa cikin shekara guda. Shinkafar Suru, albasar Aliero, man Neja Dalta, kiran waya, kuɗin motar da ta kai ka Gaya, duk suna ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta awonta a 2025, ta ce na Najeriya a 2024 ya kai kimanin naira tiriliyan 373, wajen dala biliyan 243. Dalar Amurka nake nufi, Alhaji, kada abokanka su ɗauka dalar sefa ce mai tamma biyar. Na Nijar a 2023 kimanin dala biliyan 17 ne. Ka ga Najeriya ta ninka ta fiye da sau goma.

Sai dai kada ka yi saurin komawa Gaya da wannan magana kana murna. Bakin da ke ci a gidanmu ya wuce miliyan 220, nasu kimanin miliyan 26. In aka raba, ɗan Najeriya zai tashi da wajen dala dubu ɗaya a shekara, ɗan Nijar da dala ɗari shida da wani abu. Mun fi su, amma tazarar ba ta kai yadda muke ji a ranmu ba. A 2014, da aka ayyana Najeriya a matsayin ta ɗaya a Afirka wajen girman tattalin arziki, lissafinmu dala biliyan 510 ne. A 2024 ga shi bai kai rabin haka ba, mutane kuwa sun ƙaru.

To, bashi. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya ce a ƙarshen Disambar 2024 ana bin gwamnatin tarayya da jihohi naira tiriliyan 144.67. Shekara guda kafin nan tiriliyan 97.34 ne. Duk wanda ya ji haka zai ce an ranto tiriliyan 47 cikin wata goma sha biyu, alhali mafi yawan ƙarin daga faɗuwar naira ya zo. Kusan rabin bashin da dala aka ci shi, kuma duk ranar da dala ta tashi, bashin da yake kwance tun shekarun baya sai ya kumbura in an juya shi naira. In da dala aka auna jimillar, saukowa ma ta yi, daga biliyan 108 zuwa 94. Idan aka gwada bashin da abin da ƙasa ke samarwa, na Najeriya kusan kashi 40 cikin ɗari ne, na Nijar yana wajen rabi. Ƙungiyar ƙasashe masu sefa ta sa wa 'ya'yanta iyakar kashi 70, kuma daga mu har su babu wanda ya je can. A wannan ma'auni abokanka ba su da abin gori, domin ɗan bashin nasu ya fi namu nauyi a kan ɗan abin da suke samu.

Da a nan zancen ya ƙare da na ce ka ci musu. Amma akwai abin da na koya a shekarun da na yi ina riƙe da littafin wata ƙungiyar manoma a fadamar Argungu, wanda har gobe da shi nake duba lamarin ƙasa.

Akwai wani dattijo a cikinmu mai gona faɗin ido, in kaka ta yi sai ka ga buhuna sun yi tsauni a bakin gona. Kowa ya gani zai ce wannan ko nawa ya nema a ba shi. Ni da nake zuwa karɓar biya na san abin da ke faruwa tsakanin bakin gona da rumbu. Masu yanka su ɗiba, masu bugu su ɗiba, mai injin ban ruwa ya zo da lissafinsa, 'ya'ya manya kowa ya ja nasa da dare ya kai Jega ya sayar, 'yan uwa su aiko da jaki. Ranar da na je gidansa ya buɗe mini rumbun da hannunsa, na leƙa, abin da ke ciki bai kai tsawon gwiwata ba. Ya ce da ni, Malam, gonar tawa ce, amma wannan shi ne nawa. Ranar na gane mai bin bashi ba ruwansa da faɗin gona, da rumbu yake magana.

Rumbun ƙasa shi ne kuɗin shigar gwamnati. A 2021 harajin da Najeriya ta tara bai wuce kusan kashi 11 cikin ɗari na abin da ƙasar ta samar ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Man da muke taƙama da shi, satar ɗanye da fasa bututu sun rage shi, tallafin fetur ya cinye wani kafin a janye shi ranar 29 ga Mayun 2023. Shi ya sa a 2022 Bankin Duniya ya lissafa cewa cikin kowace naira ɗari da ta shiga aljihun gwamnatin tarayya, kusan 96 biyan bashi da kuɗin ruwansa suka tafi. Albashi, asibiti, makaranta, tsaro, duk sai da aka sake rantowa. A 2024 gwamnati ta ce adadin ya sauko ƙasa da kashi 70, kuma sauƙi ne, amma magidancin da ke ba mai bin bashi kashi biyu cikin uku na abin da ya samu bai isa ya ce ya huta ba.

Akwai kuma bashin da ya fi ci mini rai, wanda gwamnati ta riƙa karɓa daga Babban Bankin Najeriya har ya kai naira tiriliyan 22.7, majalisa ta mayar da shi bashin dogon zango a Mayun 2023. Wannan kuɗi ne da aka ƙirƙira ba tare da an ƙara buhu ɗaya a kasuwa ba. Kuɗi sun yi yawa, kaya suna nan yadda suke, sai farashi ya tashi. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Kai da ke auna tiya ka riga masu alƙalami sanin haka. Gwamnatin Nijar ba ta da wannan ƙofar, tunda injin buga sefa ba a hannunta yake ba, kuma a nan abokanka suna da gaskiya: kuɗin da ɗan Gaya ya ajiye a ƙarƙashin katifa bai narke kamar namu ba.

Amma wannan kariyar da kuɗinta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ECOWAS da ƙungiyar masu sefa suka sa takunkumi, an rufe asusun gwamnatin Nijar a babban bankin nan nasu. Masu ba da tallafi daga waje, waɗanda ke ɗauke da kaso mai tsoka na kasafin kuɗin ƙasar, suka janye hannu. A watan Oktoba sai da aka zaftare kasafin shekarar da kashi 40, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa 1.98. Zuwa Fabrairun 2024 bashin da lokacin biyansa ya yi ba a biya ba ya wuce sefa biliyan 300. Wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wadda ita ce mafi yawan abin da suke kunnawa, aka yanke ta. Kai kanka ka ga manyan motoci jere a bakin iyaka, kaya na lalacewa. Ban ji daɗin abin da aka yi wa talakan Nijar a lokacin ba, 'yan uwanmu ne na jini, a Dole Kaina ma gari ɗaya ne iyaka ta ratsa. Sai dai abin ya nuna inda rauninsu yake: rumbun ƙarami ne, makullinsa kuma wani ke riƙe da shi.

Da takunkumi ya ɗage, a Afrilun 2024 gwamnatin Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin man Sin, CNPC, a kan za ta biya da ɗanyen man Agadem da ake turawa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Wannan shi ne bashin kaka da ka sani, ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi da damina, ya zo ya kwashi buhu ranar girbi. Mu ma mun ci irinsa: a 2023 kamfanin mai na ƙasa ya ƙulla yarjejeniyar karɓar fiye da dala biliyan 3 ta hannun bankin Afreximbank, za a biya da ɗanyen man da ba a haƙo ba tukuna. Babu mai yi wa wani dariya.

In ka matsa mini in yanke hukunci, Alhaji, Najeriya ta fi samu nesa ba kusa ba, ta kuma fi hanyoyin fita in an gyara tara haraji aka toshe ɓarna. Amma a abin da mai bin bashi ke ɗauka daga rumbu kowace shekara, wuyanmu ya sha shaƙa ƙwarai. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cin sa bai dame ni ba kamar inda aka kai shi. A 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe mana dala biliyan 18, muka biya kimanin 12, muka fita fes. Shekara ashirin ba su cika ba muka koma. Wani bashin ana ganin sawunsa, kamar layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wani kuwa an biya albashi da tallafi da shi ya bi ruwa. Mu ma nan Kebbi da namu laifin. A nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Nuwambar 2015, an raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kaso mai yawa bai dawo ba. Na zauna da mutanen da suka ce mini ai rabonsu ne na arzikin ƙasa. Na kuma zauna da waɗanda ambaliya ta cinye gonarsu suna kuka don ba su da abin biya. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, amma a littafi layi ɗaya aka rubuta su.

Tambaya daga wata malamar firamare a Talata Mafara, jihar Zamfara:

Malam, na ji a rediyo wai kowane ɗan Najeriya ana bin sa bashin fiye da naira dubu 600. Har da jaririyata mai wata huɗu? Wa zai zo karɓa?

Amsa:

Malama, Allah ya raya ta. Lissafin raba jimillar bashin ne da yawan jama'a, kuma haka yake fitowa. Babu wanda zai ƙwanƙwasa miki ƙofa, kuma a shari'a ba ke kika ci ba. Amma kina biya tun yanzu. Harajin kaya da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020 yana cikin kuɗin katin wayarki. Albashinki da ba ya kai ki ƙarshen wata yana ciki. Ajin da kike koyarwa, in yara na zaune a ƙasa saboda an ce babu kuɗin benci, ki sani wani ɓangare na kuɗin bencin ne ya tafi kuɗin ruwa. Jihohi ma suna da nasu bashin, kuma ana cire na waje tun daga Abuja kafin kason wata ya iso Gusau. Ofishin Kula da Basussuka yana wallafa abin da ake bin kowace jiha a shafinsa na intanet. Ki sa a buɗe miki na Zamfara, ki rubuta adadin a takarda, ki riƙe ta har ranar da ɗan majalisarku zai zo neman ƙuri'a, ki tambaye shi aikin da aka yi da kuɗin a Talata Mafara.