Tambayi Gwaggo: Ɗan farina ya koma fitsarin kwance

Gwaggo, ina gaisuwa. Ɗan farina shekararsa 4. Tun da na haihu wata uku da suka wuce ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tuntuni. Jiya kuma na kama shi yana mintsinin jaririyar. Surukata ta ce shagwaɓa ce, a zane shi. Ni kuwa a gidanmu ba a jan ɗan fari a jiki, ko sunansa ba na faɗa. Yaya zan yi?
— Wata uwa daga Argungu

'Yata, ajiye bulalar tukuna. Ki tuna ranar suna: gida ya cika, kowa na rububin ɗaukar jaririya, shi kuwa da ya matso sai a ce "kauce, ai kai babba ne." Bayan da yake hawa ma an ba wata. Yaro ɗan shekara 4 ba shi da bakin cewa kishi yake yi, shi ya sa kike gani a shimfiɗa.

Kunyar ɗan fari ni ma na yi ta, har na wuce gona da iri. Babbar 'yata tana aji uku ta tambayi kakarta wai ko ita 'yar riƙo ce. Daren nan ban runtsa ba. Ki yi kunyarki gaban surukai, amma cikin ɗaki wa ke kallonki? Bayan isha'i ki miƙa jaririyar ga babanta, ki ɗora yaron a cinya, ki yi masa tatsuniyar Gizo, ko ta minti goma ce. Lokacin wankan jaririya ki sa ya miƙo sabulu da zani, ki yi masa sannu da aiki. In ya yi mintsini, riƙe hannunsa ki ce "a'a, da zafi," kuma kada ki bar su su kaɗai.

Ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ki hana yaran gida yi masa amalala. Likitoci ma ba sa ɗaukar fitsarin kwance ciwo kafin shekara 5. Sai dai in yana kuka wajen fitsari, ko ƙishirwa ta yi masa yawa, ko kin ga jini, ki kai shi asibiti. Ku mutanen bakin gulbi ne, tsargiya ba baƙuwa ba ce.

Surukarki kuwa, kada ki yi sa-in-sa da ita. Ki sa ɗanta, wato mijinki, ya tuna mata cewa Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, mai 'ya'ya goma da bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Daga bakin ɗanta za ta fi ji.