Sola don sayar wa maƙwabtan shago: dokar wa zan bi?

Tambaya: Malam, ina sana'ar ƙanƙara a Gombe. Na tara kuɗi zan kafa sola mai kilowat 60, in ci rabi, sauran in sayar wa shagunan layinmu. Ƙanena mai karatun lauya ya ce in dakata, wai wutar lantarki hurumin tarayya ce, duk dokar da jiha ta yi a kai kotu na iya rushe ta. In zuba kuɗin ko in haƙura?

Amsa: Alhaji, Allah Ya sa albarka a nema. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, tsohon bugu dai ya karanta. Da can tsarin mulkin 1999 ya yarje wa jihohi yin dokar wuta ne kawai a wuraren da layin wutar ƙasa bai kai ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya cire wannan shinge, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Wutar Lantarki, wadda ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jiha na da ikon yin dokar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarta. Wutar da ta tsallaka zuwa wata jiha ce ta rage a hannun tarayya.

Sai dai doka a takarda ba ita ce karɓar ragama ba. Sai jiha ta kafa hukumarta, ta sanar da NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, an miƙa mata iko a rubuce. Kafin nan ƙa'idojin NERC ne ke aiki. Don haka kafin ka sayi farantin sola ko ɗaya, ka tambayi ma'aikatar makamashi ta jiha wace hukuma ke ba da izini yau, su amsa maka a takarda mai hatimi. Maganar baki ba ta zuwa kotu.

Abin da ya fi hana ni barci a lamarinka ba dokar majalisa ba ce, ƙa'idojin hukuma ne. Majalisa kan yi doka, sai ta ba hukuma aron iko ta tsara farashi da sharuɗɗan lasisi. In hukuma ta wuce gonar da aka yanka mata, kotu na iya soke ƙa'idar. Amma in tana cikin gonarta, za ta iya sauya farashi ba tare da ta koma majalisa ba. A 2025 hukumar jihar Enugu ta sauke farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, daga naira 209 zuwa 160 kan kowane yunit, kamfanonin samar da wuta suka yi ta ƙorafi. Ka auna haka a kanka: ana bin ka bashin batura, an wayi gari an rage maka kusan kwata na abin da kake karɓa.

Sannan ga maganar JED, kamfanin Jos da ke raba wuta a Gombe da Bauchi. A ƙa'idar NERC, ƙaramin layi mai zaman kansa da bai wuce kilowat 100 ba rajista ta wadatar masa, amma a inda kamfanin rarrabawa bai kai ba ke nan. Layinku kuwa na san da turakun JED a ciki, ko da wutar sai an ga dama. A irin wannan wuri sai da izini da yarjejeniya ta mutum uku: kai, masu shagunan, da kamfanin. Nan ne 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe, su ja waya ta kan rufin kwano, a zo a yanke.

Ni da ni ne, zan fara da kilowat 30 na injinan ƙanƙarata, tunda wutar da mutum ya samar don kansa ba ta neman lasisi a wannan girman. Kuɗin rabi na biyu su zauna har takardun su fito. In ka zo rubuta yarjejeniya da maƙwabta, a sa mita a kowane shago, biya kafin sha, a kuma rubuta cewa in hukuma ta taɓa farashi za a sake zama. Wannan sharaɗin ka ba ƙanen naka ya rubuta, sannan lauyan da ya gama karatu ya duba.