Tambaya da Amsa: Jan Faifai Kawai Nake Gani a Madubin Kallon Rana

Tambaya: Na sayo madubin kallon rana na Coronado PST mai baki milimita 40. Duk sanda na leƙa, jan faifai kawai nake gani, babu harsunan wutar da ake nunawa a hotuna. Ko ya lalace ne? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malam, da wuya a ce ya lalace, saiti ne bai zauna ba. Launi ɗaya tak madubin ke bari ya wuce, wato jan hasken haidirojin mai tsawon zango nanomita 656.28. Mai tace shi sunansa etalon, gilasai biyu ne masu fuskantar juna da 'yar siririyar tazara. In ya kauce ko da ƙiris, jan faifan nan za ka ta gani.

Fara da gilashin ido, wato wanda ake sawa a madubin a leƙa ta cikinsa, mai ƙaramin ƙarfi, na milimita 20 ko 25. Kada ka ɗaga kai neman rana da ido. Juya bututun har inuwarsa a ƙasa ta tsuke, sannan ka kawo ɗigon hasken tsakiyar 'yar tagar nema da ke jikinsa. Murɗa maɓallin fokas sai gefen rana ya fito tas kamar bakin wuƙa. Sai bayan haka za ka taɓa zoben saiti, wato zoben jikin bututun da ke daidaita etalon. Nan mutane ke yin kuskure, su riƙa murɗa duka biyun lokaci guda har su rasa wanne ne ya ɓata. Juya zoben a hankali, idonka a gefen rana. Inda harsunan wuta suka bayyana, zarurruka masu duhu kuma suka fito a fuskarta, tsaya nan.

Saitin ba ya kama duk fili, ya fi kyau a wani yanki, don haka ka matsar da abin da kake kallo zuwa can. Rana kuma ba ta jira: cikin minti biyu take gusawa da faɗin kanta. Lulluɓe kanka da baƙin mayafi, ka ba idonka 'yan mintoci ya saba. Da hantsi ya fi, kafin ƙasa ta ɗauki zafi iska ta fara rawa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ka haƙura. Idan duk da haka hoton ya yi dishi-dishi, a sa masani ya duba matatar haske ta ciki, domin takan yi tsatsa-tsatsa da tsufa. Kada ka kwance ta da kanka.

Tambaya: Zan iya leƙa rana da madubin hangen taurari idan na sa baƙin tabarau? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ko kusa! Baƙin tabarau, fim ɗin hoton ƙashi, gilashin da aka turara da hayaƙi, duk ba sa tare hasken da ke ƙona ido, kuma bayan ido ba ya jin zafi balle ki janye. Abin da ake sawa shi ne takardar tace hasken rana ta Baader AstroSolar mai lamba 5.0, a bakin bututu ta gaba, a ɗaure ta sosai kada iska ta cire ta. Mai lamba 3.8 ta ɗaukar hoto ce kawai. Ki ɗaga ta ga fitila kafin kowane kallo, in akwai huda ko yaguwa ki sake wata. Ƙaramin madubin nema ma a rufe shi ko a cire. Da wannan za ki ga baƙaƙen tabon rana, amma harsunan wuta sai da irin madubin malamin Zariya.