Maraƙi ne ko Bijimi? Sunan San da ke Tsohon Zanen Holan

Tambaya: Malam, ina fassara bayanin wani tsohon zanen ƙasar Holan mai ɗauke da sa da tumaki, wanda Paulus Potter ya yi. Masu shi suna ce masa matashin sa. In rubuta maraƙi ko bijimi? Kuma zane zan ce ko hoto?

Amsa: Malama, ki ce zane. Hoto ya fi karkata ga abin da kyamara ta ɗauka, shi kuwa wannan aikin hannu ne da fentin mai a kan ƙyalle. Sai dai ki kula, a rubutun boko kalmar ɗaya ce da zanen ɗaurawa. A baki ake rabewa: na zanawa ana jan "za", na ɗaurawa ba a ja. Jam'i ma ya raba su, zane-zane da zannuwa.

Potter ya yi shi a 1647, yana gidan kayan tarihi na Mauritshuis a birnin Heg, faɗinsa ya haura mita 3. A ciki akwai san a tsaye, saniya kwance, rago da tunkiya da ɗanta, makiyayi a bayan bishiya, har da kwaɗo a ƙasa da ƙudaje.

Maraƙi kuskure ne a nan. Maraƙi ɗan saniya ne da ke tsotso ko bai daɗe da bari ba, macensa maraƙa. In ta tasa ba ta haihu ba, karsana. Wannan kuwa ƙahonsa ya fito sosai, wuya ya yi kauri. Bijimi shi ne ƙosasshen namiji da ba a dandaƙe ba, mai barbara, shi ya sa ake kiran jarumin mutum bijimi. Takarkari kuma san ɗaukar kaya ne, kada ki kusance shi.

Abin da ya sa kika rikice yana jikin zanen. Masana shanu sun duba haƙora da ƙaho da fatar da ke reto a wuya da cinyoyi, suka ga shekarunsu ba su dace ba. Potter ya haɗa shi ne daga ƙananan zane-zanen shanu daban-daban, gaban na babba, bayan na ƙarami. A ganina "matashin bijimi" ya fi riƙe duka biyun. "Ɗan bijimi" na iya sa a zaci ɗan da bijimi ya haifa ake nufi.

Wani abu da zai tsaya wa Bahaushe a rai: san ba shi da tozo. Ba mantuwa mai zanen ya yi ba, shanun Turai haka suke. Muna da kalmar muturu, amma kada ki ɗora masa ita, domin muturu gajerun shanun kudu ne marasa tozo. Ki rubuta "ba shi da tozo" kawai.

In kika ga saniya ɗaya a gefe a irin waɗannan zane-zane, kada ki kira ta saniyar ware. Wannan magana ta bar garke ta koma kan mutum, wanda jama'a suka ƙaurace wa, kuma mai karatu zai ɗauka wani laifi ta yi. "Saniya ita kaɗai" ya wadatar.