Da wane harshe Faransawan farko a Kanada suke magana?

Malam, ka tambaya ko Faransawan da suka fara zama a Kebek, a Kanada, Faransanci suke yi ko yarukan ƙauyukansu. Tambayar da ma'ana, domin a ƙarni na 17 yawancin talakawan Faransa ba Faransancin Paris suke yi a gida ba. Mutumin arewacin Faransa na da nasa karin, mutumin Poitou a yamma na da nasa, na kudu kuwa wani harshe ne daban. Har a 1794 rahoton wani limamin coci, Abbé Grégoire, ya nuna miliyoyin 'yan ƙasar ba su iya Faransanci ba.

Amma a Kanada abin ya haɗe da wuri. Wani Bafaranshe mai suna Champlain ya kafa birnin Kebek a 1608, kuma kaso mai tsoka na waɗanda suka biyo baya daga Normandi, Perche, Poitou da yankin Paris suka fito, da yawa 'yan birni ne ko mazauna tashoshin jiragen ruwa irin La Rochelle da Dieppe, inda Faransanci ya riga ya shiga kasuwa da coci. Sai kuma 'yan matan da Sarki Louis na 14 ya aika don su yi aure a can tsakanin 1663 da 1673, kusan 800, da dama daga Paris. Idan miji Banormande ne, mata 'yar Paris, ai ka san harshen da yaro zai tashi da shi.

Masana na jayayya kan nan. Ni dai na fi karkata ga cewa tun kafin su hau jirgi mafi yawansu suna jin Faransanci, aure ya ƙarasa aikin ne kawai. Ragowar tsohon lafazin yana nan: har yau wasu 'yan Kebek na cewa "moé" maimakon "moi" (wato "ni").